Santiago Ramón y Cajal (1852–1934): Masanin da Ya Bi Sawun Ƙwaƙwalwa Tun Daga Ɗan Tayi

1.0 Gabatarwa

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, galibin masana sun ɗauka cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa a saƙe suke wuri guda tamkar koma, babu inda wata ta yanke wata ta fara. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar likitan ƙasar Sifaniya da ya rushe wannan fahimta, ta hanyar komawa ga ƙwaƙwalwa tun tana tsiro.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Santiago Ramón y Cajal ranar 1 ga Mayu, 1852 a ƙauyen Petilla de Aragón da ke arewacin Sifaniya. Mahaifinsa, Justo Ramón, likitan tiyata ne mai tsananin horo. Yaron ya taso da ƙiriniya da son zane, har ta kai an tsare shi yana ɗan shekara 11 saboda ya fasa ƙofar maƙwabci da wata igwa da ya ƙera. Da mahaifin ya ga karatu ya ƙi, sai ya kai shi koyon sana'a wurin wanzami, daga baya kuma wurin mai ɗinkin takalma. A 1868 ya fara koya masa ƙirar jikin ɗan'adam da ƙasusuwan da suka tattaro, yaron yana zana su. Daga nan zanen da ake hana shi ya zama makaminsa.

Ya kammala karatun likita a Jami'ar Zaragoza a 1873. Ya tafi Kyuba a matsayin likitan soja a 1874, ya dawo a 1875 zazzaɓin cizon sauro ya rame da shi. A 1877 ya sayi madubin ƙara girma na farko da kuɗin aljihunsa.

3.0 Rinin Golgi da Komawa ga Ɗan Tayi

A 1873 wani likitan Italiya, Camillo Golgi, ya gano wani rini na sinadarin azurfa mai baƙanta ƙwayoyin jijiya ƙalilan, ya bar sauran fayau. Kamar yadda ɗaurin rini ke fito da ado a jikin zane a marinar Ƙofar Mata, haka wannan rini ke fito da siffar ƙwaya ɗaya da dukkan rassanta. Cajal ya fara ganin aikin rinin a 1887 a Madrid, wurin likita Luis Simarro, a shekarar da ya koma Jami'ar Basalona.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwar baligi kurmi ce mai sarƙaƙiya, kuma kitsen da ke lulluɓe jijiyoyinta yana hana rinin kamawa. Sai Cajal ya koma ga 'yan tayin tsuntsaye da jariran dabbobi, inda rassan ba su yi tsawo ba, kitsen kuma bai lulluɓe su ba tukuna. A 1888 ya nuna cewa kowace ƙwayar jijiya, wato niyuron, cin gashin kanta take yi: tana kusantar 'yar'uwarta amma ba ta narkewa a cikinta. A 1890, cikin lakar ɗan tayin kaza, ya gano wani ɗan kumburi a bakin jijiya mai tsiro, wanda ke laluben hanya har ya kai inda aka nufa. A 1892 ya kawo hasashen cewa wasu sinadarai ne ke jawo shi, abin da bincike ya tabbatar bayan kusan ƙarni guda.

4.0 Shingen Harshe da Karɓuwa

Cajal ya wallafa sakamakonsa da Sifaniyanci a mujallar da ya ɗauki nauyinta da kansa, amma manyan masanan Turai ba sa karanta harshen. Saboda haka a 1889 ya kwashi samfuransa ya tafi taron masana ƙirar jiki a Balin. A can ya shawo kan babban malami Albert von Kölliker, wanda daga baya ya koyi Sifaniyanci domin karanta ayyukansa. A 1906 aka ba shi kyautar Nobel tare da Golgi, wanda a jawabinsa na karɓar kyautar ya ci gaba da kare tsohon ra'ayi. Cajal ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934. Sai a shekarun 1950 madubin lantarki ya nuna 'yar tazarar da ke tsakanin niyuron da niyuron ƙarara.

5.0 Tambayar da Ya Bari

Cajal ya ga yadda niyuron ke tsiro, amma kayan aikin zamaninsa ba su kai ga nuna abin da ke sa ƙwaya ta zama niyuron ba. Wani ɓangare na amsar ya soma fitowa a 1993, lokacin da Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano aikin ƙananan zaruruwan gado da ake kira microRNA a jikin wata 'yar tsutsa, binciken da ya ba su kyautar Nobel a 2024. Waɗannan zaruruwa ba sa ƙera furotin. Aikinsu shi ne danne saƙonnin da ake ƙera shi da su. A ƙwaƙwalwar ɗan tayi, nau'o'in miR-9 da miR-124 suna danne furotin ɗin da ke riƙe ƙwaya a matsayin uwa mai rarrabuwa, ta haka sai ta daina hayayyafa ta rikiɗe zuwa niyuron.

6.0 Kammalawa

Rayuwar Cajal ta nuna cewa abu mai sarƙaƙiya daga tushensa ake fahimtar sa. Ta kuma nuna cewa ana iya gina ilimi mai zurfi da harshen gida, muddin mai shi ya jure ɗawainiyar kai shi gaban duniya. Wannan batu ne da ya shafi masu fafutukar mayar da Hausa harshen kimiyya kai tsaye.