Likita Shiga Da Ciwon Atuni

Can gabas mai nisa akwai wata ƙasa ta tsibirai ana kiranta Japan. A wani birninta mai suna Sendai aka haifi Kiyoshi Shiga a shekarar 1871. Iyayensa ba su da wadata, saboda haka dangin mahaifiyarsa suka ɗauke shi riƙo, har ya ci sunan gidansu, watau Shiga. Kada ku zaci shiga irin ta Hausa ce, sunan Japanawa ne.

Da ya girma sai ya tafi Tokyo, babban birnin ƙasar, ya koyi aikin likita. Ya gama a 1896, ya kama aiki a ƙarƙashin wani shahararren likita mai suna Kitasato, wanda ya gwanance wajen binciken ƙwayoyin cuta.

A 1897 annobar atuni ta faɗa wa Japan. Mutum wajen 90,000 suka kamu, wajen 20,000 suka rasu. A lokacin nan ba a tabbatar da abin da ke kawo wannan irin atuni ba. Sai Kitasato ya ɗora wa Shiga aikin nemo shi, alhali shekarunsa 26 kacal.

Shiga ya duƙufa. Ya riƙa ɗiban bayan gidan majinyata yana dubawa da madubin likita, wanda ke girmama abin da ido ba ya gani. Amma fa hanjin mutum cike yake da ƙwayoyi iri iri, galibinsu ba su cutarwa. To, ƙaƙa za a gane mai laifi a cikinsu? Sai ya yi dabara. Ya san jinin wanda ke farfaɗowa daga cuta yana ɗauke da makamin yaƙi da ƙwayar da ta kwantar da shi. Don haka ya raya ƙwayoyin nan dabam dabam, ya gauraya kowace iri da ruwan jinin masu atuni. Sai iri guda, masu siffar guntun kara, suka dunƙule wuri ɗaya. Nan asirinsu ya tonu. Daga baya masana suka sa wa dangin wannan ƙwaya suna Shigella, don tunawa da shi.

Yanzu an san yadda take ɓarna. Takan shiga baki ta ƙazamin hannu, ko gurɓataccen ruwa, ko abincin da ƙuda ya sauka a kai. Ko kaɗan aka haɗiye sun isa su kwantar da mutum. In ta kai babban hanji sai ta kutsa cikin bangonsa, ta riƙa cin abincin da jiki ya tanadar wa kansa, tana hayayyafa. Jiki kuwa sai ya aiko da dakarunsa na cikin jini su yaƙe ta. Garin wannan faɗa hanji yakan kumbura, ya yi gyambo. Shi ya sa mai atuni ke fama da murɗar ciki da zazzaɓi, yana zawo da jini da majina.

Shiga ya so ya samo rigakafi. Da ya haɗa na farko bai gwada a jikin kowa ba sai nasa. Wurin allurar ya kumbura ƙwarai, har sai da aka tsaga shi. A 1901 ya tafi Jamus wurin wani masani, Paul Ehrlich, suka nemi maganin irin ƙwayar da ke kawo ciwon barci da sammore. Bayan haka ya koyar a jami'a, har ya shugabanci wata jami'a a Koriya daga 1929 zuwa 1931.

Tsufansa bai zo da sauƙi ba. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu matarsa ta rasu, gidansa na Tokyo ya ƙone. Ya koma wani ƙauye a bakin teku kusa da garin haihuwarsa, ya zauna cikin ƙaramin hali har ya rasu a 1957, yana da shekara 85.

Yara, tun da an san hanyar da atuni ke bi, tare ta ya rage namu. Ku wanke hannu da sabulu bayan kun zaga da kafin cin abinci, ku rufe abinci, ku sha ruwa mai tsabta. Wanda ya ga jini a bayan gidansa kuwa, a gaggauta kai shi asibiti.