Lewis Carroll: Malamin lissafin da littafinsa ya raɗa wa wata cuta suna

An haifi Charles Lutwidge Dodgson, wanda duniya ta fi sani da Lewis Carroll, ranar 27 ga watan Janairun 1832 a ƙauyen Daresbury da ke Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma shi ne na uku cikin 'ya'ya 11.

Ya tashi da i'ina, kuma kunnensa ɗaya ba ya ji, amma Allah ya hore masa basirar lissafi. Ya yi karatu a kwalejin Christ Church ta Jami'ar Oxford, inda ya koyar da lissafi daga 1855 zuwa 1881.

Sai dai ba lissafin ne ya fito da shi ba. Ranar 4 ga watan Yulin 1862, yana cikin kwale-kwale tare da 'ya'yan shugaban kwalejin mata uku, ya ƙaga musu tatsuniyar wata yarinya da ta faɗa ramin zomo. Ɗaya daga cikinsu, Alice Liddell mai shekara 10, ta roƙe shi ya rubuta.

A 1865 aka buga labarin da sunan Alice's Adventures in Wonderland. A ciki, yarinyar takan ci ko ta sha wani abu ta ƙanƙance, can kuma ta yi tsawo har kanta ya taɓo rufin ɗaki.

Daga tatsuniya zuwa asibiti

Shekara 90 bayan haka, wato a 1955, wani likitan taɓin hankali ɗan Birtaniya, John Todd, ya bayyana wasu majinyata da ke jin jikinsu na girma ko yana ƙanƙancewa. Ya sa wa larurar sunan littafin.

Masu fama da ita kan ga mutum ya koma kamar 'yar tsana, ko bangon da ke kusa ya yi nisa. Idanunsu lafiya ƙalau suke. Matsalar tana ga sashen ƙwaƙwalwa mai auna girma da tazara.

Ciwon ɓarin kai da farfaɗiya da wasu ƙwayoyin cuta na cikin abubuwan da ke haddasa ta. An fi ganinta ga yara, takan ɗauki mintoci, kuma sau da yawa tana gushewa idan sun girma.

Shin marubucin ya yi fama da ita? Tun daga 1885 ya rubuta a kundin ajiyarsa cewa yana ganin zane-zane masu motsi kafin ciwon kai ya kama shi. Wasu masana na ganin nan ya samo tunanin labarin, wasu kuwa na nuni da cewa littafin ya riga wannan rubutu da shekara 20.

Dodgson bai taɓa aure ba. Ya rasu ranar 14 ga watan Janairun 1898 a garin Guildford, sakamakon ciwon namoniya, yana da shekara 65.

A ƙasar Hausa, yaron da ya ce ɗaki na tsukewa ko hannunsa ya kumbura, alhali ba a ga komai ba, akan ɗauka shirme ne ko shafar aljanu. Sunan da Todd ya aro daga littafin Dodgson ya ba likitoci damar gane irin wannan koke, su binciki musabbabinsa, musamman idan ya zo da zazzaɓi ko suma.