Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sarki Mai Rubuta Littattafan Magani

Jama'a da yawa sun san marigayi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a kan yaƙi da mulki, amma kaɗan ne suka san cewa yana cikin manyan masana ilmin magani da aka yi a ƙasar Hausa, har ya rubuta risala a kan cututtukan ƙoda da hanyoyin maganinsu.

An haifi Bello cikin 1781. Ɗa ne ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da kuma baffansa Malam Abdullahi na Gwandu. Yana saurayi aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, ya zama ɗaya daga cikin jagororin yaƙi, kuma a hannunsa aka ci Alƙalawa cikin 1808. Shi ne ya gana da shugabannin jama'ar gabas, wato na Katsina da Kano da Daura, ya karɓi mubaya'arsu a madadin Shehu. Malam Isyaku ne mai tutar Daura a lokacin. Cikin 1809 Bello ya kafa birnin Sakkwato, da Shehu ya rasu cikin 1817 kuwa aka naɗa shi Sarkin Musulmi.

Duk da nauyin mulki bai ajiye alƙalami ba. Ban da Infaƙul Maisuri, littafinsa na tarihi, ya rubuta littafi a kan ciwon ido, da wani a kan basir, da wani a kan tsutsar ciki, da wani a kan amfanin filasko, sa'an nan da risalar nan ta ciwon ƙoda. Ya kan haɗa abin da ya samu a hadisai da littattafan likitocin Larabawa da itatuwan da ake samu a ƙasar nan, don mai karatu ya iya amfani da abin da ke kusa da shi.

Ilmin da Bello ya gada tsohon ilmi ne ƙwarai. A ƙasar Indiya, wani likita mai suna Sushuruta ya kasa tsakuwar mafitsara kashi huɗu tun kafin zuwan Musulunci. Ya kan fara da jiƙon saiwoyi da man shanu da ruwan toka, sai in sun kasa sa'an nan a tsaga a fitar da tsakuwar. Cikin ganyayen da Indiyawa ke ba mai wannan ciwo har da tsidau, ƙayar nan da ke cika gonakinmu. An fassara littafin Sushuruta zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, daga nan ilmin ya ratsa hannun irin su Ibn Sina da Azzahrawi na Andalus, har littattafan Larabci suka iso ƙasar Hausa.

Da Bature Kilafatan ya zo Sakkwato cikin 1824, abin da Bello ya nema a wurin Sarkin Ingila har da likita wanda zai zauna a ƙasarsa. Likitan da aka turo ya mutu a hanya, shi kuma Kilafatan ya mutu a Sakkwato cikin 1827.

Bello ya ci yaƙin Gawakuke cikin 1836, ya rasu a Wurno cikin 1837, bayan shekara 20 a kan mulki. Can kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Ciwon da ya rubuta a kansa kuwa bai gushe ba. A ƙasa mai zafi irin ta Daura, inda manomi da makiyayi ke yini cikin rana ba isasshen ruwan sha, fitsari ya kan yi kauri har tsakuwa ta ƙullu a ƙoda. Likitocin yau suna cewa yawan shan ruwa shi ne babban rigakafi, wanda kuwa ya ga jini a fitsari ko fitsarin ya tsaya masa, to ya hanzarta zuwa asibiti.

Littattafan maganin Bello suna nan da rubutun hannu a ɗakunan ajiyar tarihi na Sakkwato da Kaduna. Allah ya jiƙansa, amin.