Tarihin Sa Douglas Nicholls, Gajere Mai Gudun Barewa

Cikin mutanen da suka yi suna a ƙasar Ostareliya wajen ƙwallo da tsere, da wuya a sami wanda ya fara da wahala irin ta Douglas Nicholls. An haife shi ran 9 ga Disamba, 1906, a Cummeragunja, wani zango a bakin kogin Murray wanda hukuma ta keɓe wa mutanen ƙasar na asali, watau baƙaƙen da Turawa suka tarar. A zamanin nan hukuma na da ikon ɗauke 'ya'yansu ba da yardar iyaye ba. Yana ɗan shekara 8 'yan sanda suka tafi da yayarsa Hilda a kan idonsa. Bai daɗe a makaranta ba ya fita, ya shiga ƙodago a wuraren kiwon tumaki.

Ya kamata mai karatu ya sani ƙwallon Ostareliya dabam yake da wanda muka saba gani. Ƙwallon kamar ƙwai yake, filin ma haka, mutum 18 a kowane gefe, ana bugu da ƙafa ana kuma cafewa da hannu. Saboda haka dogaye ne ke cin kasuwarsu. To, shi Douglas tsawonsa duka duka ƙafa 5 ne da inci 2. Abin da Allah ya hore masa shi ne gudu da tsalle, har ya kan yi sama ya cafe ƙwallo a bisa kan ƙattin da suka fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Cikin 1927 ya tafi birnin Melbon ya gwada sa'arsa a ƙungiyar Carlton. Wasansa bai gaza ba, amma fatarsa ta hana. Masu shafa wa 'yan wasa mai suka ƙi taɓa jikinsa, abokan wasa suka riƙa ƙyamarsa. Wannan abin kunya ne ga Carlton, hasara ce kuma. Ya koma Northcote, inda suka ci kofin ƙungiyoyinsu cikin 1929 yana cikin gwanayensu.

A shekarun nan ne kuma ya shahara wajen tsere. Al'adar garuruwan jihar Biktoriya ce su sa kuɗi a yi gajeren tsere, a ba wanda bai kai ba 'yar rata a gaba, don kada gwani ɗaya ya riƙa kwashewa kullum. Douglas ya ci tseren garin Nyah, ya ci na Warracknabeal. Daga nan sai masu shirya tsere suka riƙa biyansa don ya zo kurum, gama sun san sunansa zai cika musu fili. Cikin 1931 har dambe ya shiga a rumfar Jimmy Sharman mai yawo gari gari, don neman abin kai wa baka.

Cikin 1932 ƙungiyar Fitzroy, wadda ke cikin manyan ƙungiyoyi, ta ɗauke shi. Da fari a lungu ya kan tuɓe shi kaɗai, don ya riga ya ɗanɗana wulakanci, sai babban gwaninsu Haydn Bunton ya zo kusa da shi, suka ƙulla abota. Ya yi musu wasa sau 54 zuwa 1937, sa'ad da ciwon gwiwa ya matsa masa. Cikin 1935 aka zaɓe shi cikin 'yan wasan jihar Biktoriya baki ɗaya, shi ne na farko daga mutanen asali da ya sami wannan.

Sunan da ya samu a fili bai bar shi ya tafi a banza ba. Ya zama fasto, ya tsaya wa mutanensa. Ran 26 ga Janairu, 1938, Turawa na bikin cika shekara 150 da zuwansu, shi da dattijon danginsu William Cooper da waɗansu suka taru a Sidni suka kira ta ranar makoki. Yana cikin waɗanda suka yi fafutukar ƙuri'ar 1967, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 suka yarda a riƙa lissafa mutanen asali cikin ƙidayar jama'a.

Sarauniya ta ba shi lambar Sa cikin 1972. Ran 1 ga Disamba, 1976, ya zama Gwamnan jihar Ostareliya ta Kudu, amma shanyewar jiki ta sa ya sauka bayan wata 5. Ya rasu ran 4 ga Yuni, 1988, aka binne shi a Cummeragunja. Cikin 2016 hukumar ƙwallon ƙasar ta sa sunansa ga wasannin da ta keɓe don girmama mutanen asali.