Joe Weatherly: Zakaran tseren mota da kwanansa ya ƙare a kwana ta shida

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kawo zuwa Zariya ya san wannan ɗabi'ar tamu. Direba na hango jami'an kiyaye haɗura sai ya jawo bel ya ratayo a ƙirji, ko maƙala shi ba zai yi ba, ana wuce su ya sake shi ya koma inda ya fito. Kai da ka ɗaura naka da gaske kuwa, har kallon matsoraci za a yi maka. Shi ya sa yau na ga ya dace in kawo muku tarihin wani mutum da ba wanda ya isa ya kira shi matsoraci a tuƙi, amma wannan ɗan bel ɗin ya zama babban darasin rayuwarsa. Sunansa Joe Weatherly, Ba'amurke, zakaran tseren motoci na NASCAR har sau biyu a jere.

Kafin mu shiga labarinsa, bari mu fahimci wasan tukuna. NASCAR ƙungiya ce da Bill France ya kafa a shekarar 1948 a garin Daytona Beach na Amurka. Bambancinta da Formula 1 da muke gani a waya shi ne, a farkon lamari motocinta irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa ne, bakanike ya ƙara wa inji ƙarfi, a manna lamba a ƙofa, a shiga fili. Da yawa cikin direbobin farko ma a fasa-ƙwaurin giya suka koyi gudu, suna tsere wa 'yan sanda cikin dare a kudancin Amurka. Akasarin filayen nasu zagaye ne mai siffar ƙwai, kwana ɗaya ake sha har a tashi, wato hagu. Amma akwai 'yan filaye kaɗan da aka yi su kamar titin gaske, da hawa da gangara, kwanar hagu da ta dama. Ku riƙe wannan bambancin, za mu dawo kansa.

An haifi Joe Weatherly ranar 29 ga Mayun 1922, ya tashi a Norfolk da ke jihar Virginia. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Arewacin Afirka, inda harsashin sojan Jamus ya same shi a fuska amma Allah ya yi da sauran kwana. Da ya dawo gida, maimakon ya nemi sana'ar zama wuri ɗaya, sai ya faɗa tseren babur. Tsakanin 1946 da 1950 ya ci manyan tseren ƙasa guda uku, ciki har da na Laconia a 1948. Wato tun kafin a san shi da mota, ya riga ya yi suna a kan ƙafa biyu.

Akwai kuma wani ɓangare na ƙuruciyarsa da ba shi da daɗin ji. A 1946 ya yi mummunan haɗari da mota a cikin garin Norfolk, ba a filin tsere ba, a titin da kowa ke bi, yana ɗauke da abokai. Ɗaya daga cikinsu ya rasa ransa, shi kuma ya tashi da dogon tabo a fuska wanda ya zauna masa har ƙarshen rayuwa. Masu wasa da mota a bikin aure, ku ji wannan da kyau: ko gwanin gwanaye in ya mai da titin gari filin tsere, wani ne ke biyan kuɗin.

A 1950 ya koma tseren mota. Cikin shekara biyu kacal, 1952 da 1953, ya ci tsere 101 a rukunin motocin da aka yi wa gyaran inji, ya kuma ɗauki kofin rukunin a 1953. Ku lissafa, kusan nasara ɗaya ke nan duk mako. Daga nan ya shiga rukunin motoci marasa rufi ya ci 12, sannan a 1958 ya samu nasararsa ta farko a babban rukuni a garin Nashville. Ba tuƙi kawai ya iya ba, har hannun jari ya mallaka a filin tsere na Richmond tare da abokin kasuwancinsa Paul Sawyer.

Amma abin da ya fi sa mutane son sa shi ne barkwanci. Da a zamanin TikTok ya zo, wallahi da ba mai kama ƙafarsa a yawan mabiya. Laƙabin da aka ba shi ma ma'anarsa yariman masu ban dariya na tseren mota. Ya taɓa shiga mota ya yi zagayen gwaji sanye da kayan Peter Pan, wani yaro na tatsuniyar Turawa. Yana da wani akwati da yake ce wa mutane akwai muguwar dabba a ciki, in ka leƙa sai ya saki marfi wata jela ta yi tsalle ta faɗo maka, kowa ya watse. Shi da amininsa Curtis Turner, wani fitaccen direban, sun yi ƙaurin suna wajen raba dare a shagali. Har yau masoya wasan na ba da labarin ranar da su biyun suka yi tsere da motocin haya zuwa masauki, Weatherly ya ƙi taka birki har motar ta faɗa cikin kwamin wanka na otal. A 1961 shi aka zaɓa direban da ya fi farin jini.

A wannan shekarar ce ya haɗu da Bud Moore, wani bakanike tsohon soja mai haɗa motocin tsere, kuma nan tauraronsa ya haska sosai. Ya ci tsere 9 a 1961, ya sake cin 9 a 1962 ya zama zakaran shekara. Kofin 1963 kuwa shi ne abin mamaki. Moore ba shi da ƙarfin kai mota kowane tsere, don haka duk ranar da babu motar ubangidansa, sai Weatherly ya bi gareji-gareji yana neman wanda zai ara masa. A kakar nan motocin mutum tara daban-daban ya tuƙa. Tsere 3 kawai ya ci, shi kuwa Richard Petty ya ci 14, amma da aka tara maki Weatherly ne a sama. Jimillar nasarorinsa a babban rukuni 25 ne.

To duk da wannan jarumta, mutumin nan yana da camfi kamar me. Ba ya son koren launi a kusa da motarsa, ba ya kuma ƙaunar lamba 13. A 1962 babban tseren Southern 500 na filin Darlington ya cika karo na 13, tunda a 1950 aka fara shi. Weatherly ya nuna shi fa ba zai shiga ba. Da yake ba a son rasa shi, sai masu filin suka sauya wa tseren suna, suka kira shi maimaici na 12, don kada lambar ta fito a ko'ina. Haka aka lallaɓa shi ya shiga.

Babban tsoronsa dai shi ne wuta. Kuma gaskiya ba tsoron banza ba ne, domin a wancan zamani tankin mai na fashewa cikin sauƙi, direbobi kuma ba su da kayan kariya irin na yau. Saboda haka bel ɗin ƙugu kawai yake ɗaurawa. Na kafaɗa, wanda ke riƙe ƙirji ya hana mutum wuntsilawa gefe, ya ƙi shi, a ganinsa in mota ta kama da wuta zai hana shi fita da sauri.

Yanzu mu je Riverside. Fili ne da aka buɗe a 1957 a busasshen yanki gabas da Los Angeles a jihar Kalifoniya, irin mai kama da titin gaske ɗin nan da na faɗa. Tseren da ake kira Motor Trend 500 mil 500 ne, kimanin kilomita 800, kamar ka tashi daga Kaduna ka je Kano, ka dawo, ka sake komawa, da sauran ɗoriya. Zagaye 185 ake yi, kowane zagaye ana canza giya ana taka birki ba hutawa, abin da motocin nan masu nauyi ba su saba da shi ba. Direbobin kudu da suka ƙware a shan kwanar hagu kan sha wuya a nan. Sarkin wurin shi ne Dan Gurney, direban Formula 1 ɗan yankin, wanda ya ci wannan tseren a 1963, 1964, 1965, 1966 da 1968.

Ga inda bambancin filayen ke da muhimmanci. Motocin Amurka sitiyarinsu a hagu yake, kamar namu. A fili mai siffar ƙwai, da yake hagu ake juyawa, katanga na ɓangaren dama, don haka in mota ta ƙwace, gefen da ba kowa ne ke fara dukan bango. A Riverside kuwa akwai kwanar dama, kuma in mota ta zame a irin wannan kwana, ƙofar direba ce ke fuskantar katanga. Tsakanin kansa da bangon babu komai sai taga a buɗe.

Ranar Lahadi 19 ga Janairun 1964, Weatherly ya shiga tseren da Mercury mai lamba 8 ta Bud Moore, yana riƙe da kofin shekara biyu yana neman na uku. Shi ne tsere na biyar a kakar, domin tun Nuwamban 1963 aka fara ta. A cikin waɗancan na farko ne ma Wendell Scott ya zama baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban rukuni, ranar 1 ga Disamba a Jacksonville. Tun da wuri motar Weatherly ta samu matsala, ta daɗe a hannun kanikawa, aka wuce shi da zagaye da yawa. Ba zancen cin tsere kuma, amma mutumin da ya ɗauki kofi da tara maki ɗaya-ɗaya ba zai ajiye mota ya tafi gida ba. Ya koma fili. A kwana ta shida, wadda ta dama ce, motar ta ƙwace masa ta daki katanga da ɓangaren hagu. Da yake babu abin da ke riƙe da kafaɗarsa, ƙarfin dukan ya wurgo kansa ta taga ya haɗu da bangon. Nan take rai ya yi halinsa, yana da shekara 41. Motar ba ta kama da wuta ba. Gurney ne ya ci tseren.

Ana gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Wutar da yake tsoro ta zo a wannan shekarar, amma kan wani ta faɗa: Fireball Roberts ya ƙone a filin Charlotte a watan Mayu, ya rasu ranar 2 ga Yuli. Kofin 1964 kuma Richard Petty ne ya ɗauka, na farko cikin bakwai da ya tara.

Abin takaici, ba a toshe tagar nan take ba. Sai da aka kai 1970, Petty ya yi haɗari a Darlington, motarsa na wuntsilawa jama'a na kallo a talabijin, hannunsa na reto ta taga, sannan aka wajabta sa raga a tagar direba. Wannan ragar da kuke gani a jikin kowace motar NASCAR yau, asalinta ke nan. Haka aka sake yi a 2001, sai da Dale Earnhardt ya rasu a Daytona sannan aka tilasta amfani da na'urar da ke riƙe kai da wuya. Kusan kowace dokar kariya a wasan nan, sai da aka binne wani kafin a rubuta ta.

An binne Weatherly a Norfolk, kuma a jikin dutsen kabarinsa an sassaƙa taswirar filin Riverside da alama a kwanar da abin ya faru. Gidan tarihin motoci da aka buɗe a Darlington a 1965 sunansa aka sa masa. A 1998 ya shiga jerin direbobi 50 mafiya ƙwarewa a tarihin NASCAR, a 2015 kuma aka saka shi a zauren girmama gwarzayenta. Shi kansa filin Riverside babu shi yanzu. A 1988 NASCAR ta yi tserenta na ƙarshe a can, aka koma Sonoma, wurin kuma ya zama gidaje da katafaren kantin zamani.

Kafin mu yi wa Bature dariyar tsoron lamba 13, mu tuna namu. A Janairun 2009, muna ƙanana, aka fara tilasta sa hular kwano a Najeriya. Wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a kai don su wuce jami'ai, fasinjoji da yawa kuma suka ƙi sawa saboda jita-jitar wai ana asiri a cikin hular. Dokar ɗaura bel kuwa tun 2003 ake aiki da ita, amma har gobe za ka ji saurayi na cewa in mota ta kama da wuta ko ta faɗa ruwa bel ne zai kashe shi. Hujjar Weatherly ke nan sak, kuma shi ya fi mu dalili, tunda a gabansa motoci ke ci da wuta.

Na san wani zai ce ai kwanansa ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, ba mai ja da ƙaddara. Amma malamanmu sun koya mana tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma ɗaura bel ko daƙiƙa biyar ba ya ci. Mutumin da ya tsallake harsashin Jamus, ya ci tsere fiye da ɗari, bai fi ƙarfin katanga ɗaya ba, balle ni da kai da muka koyi mota a layin unguwa. Gobe in ka hau titin Ali Akilu ko ka kama hanyar Zariya, ka ja bel ɗin nan har sai ka ji ya ce ƙas, ko da jami'i a gaba ko babu. Allah ya kiyaye mana hanya.