George Eastman: Akawun bankin da ya koyi ɗaukar hoto da dare, ya sauƙaƙa ta ga duniya

Ɗalibin da ke koyon ɗaukar hoto a yau, ko da kyamarar fim yake aiki ko da ta dijital, yana cin moriyar wahalar da wani akawun banki ya sha kusan shekara 150 da suka wuce. George Eastman bai yi karatu mai zurfi ba, kuma sai da ya kai shekara 23 kafin ya fara koyon wannan sana'a. Ya same ta da nauyi da tsada, sai ya ƙarar da rayuwarsa wajen ganin cewa wanda zai zo bayansa bai sha irin tasa ba.

An haife shi ranar 12 ga Yulin 1854 a ƙauyen Waterville da ke jihar New York ta Amurka. Mahaifinsa yana da makarantar koyar da kasuwanci a birnin Rochester, inda iyalin suka koma a 1860. Bayan shekara biyu mahaifin ya rasu, ya bar matarsa Maria da 'ya'ya uku, ɗaya daga cikinsu tana fama da shan inna. Maria ta riƙa ba da hayar ɗakunan gidansu tana ciyar da 'yan haya domin ta riƙe yaran.

Bai wuce shekara 15 ba ya bar makaranta, ya kama aikin masinja a wani kamfanin inshora kan dala 3 a mako. Da dare yakan koyi lissafin kuɗi a gida. A 1874 ya samu aikin ƙaramin akawu a Bankin Ajiya na Rochester, aikin da a wancan zamani ake ganin wanda ya same shi ya tsira.

Ɗalibta bayan tashi daga ofis

A 1877 ya yi niyyar tafiya Santo Domingo da ke yankin Karibiyan, sai wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya ɗauko hotunan tafiyar. Ya sayi kayan aiki, ya biya wani mai hoto dala 5 ya koya masa. Tafiyar ba ta yiwu ba, amma son hoto ya riga ya shiga ransa.

Abin da ya koya shi ne dabarar jiƙaƙƙen gilashi. Mai hoto zai shafe farantin gilashi da wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyon, ya tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa a cikin duhu, ya sa shi a kyamara, ya ɗauki hoton, sannan ya wanke shi kafin ya bushe. Duk wannan sai an gama shi cikin kimanin minti goma sha biyar, domin da zarar gilashin ya bushe, aikin ya lalace. Saboda haka duk inda mai hoto ya nufa sai ya ɗauki kyamara mai girman akwati, da ƙafafunta, da faranta, da kwalaben sinadari, da tulun ruwa, da tantin da zai zama ɗakin duhu. Kaya ne na jaki guda.

Eastman ya shiga karanta mujallun hoto na Ingila, inda ya ga cewa wasu masu bincike sun fara amfani da jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. Farantin da aka shafe da shi yakan bushe ba tare da ya daina karɓar haske ba, don haka ana iya ajiye shi a yi amfani da shi daga baya. Kusan shekara uku yana wuni a banki, da dare kuma yana gwaje-gwaje a madafar mahaifiyarsa, wani lokaci barci ya kwashe shi a ƙasa kusa da murhu.

A 1879 ya je Landan ya yi rajistar haƙƙin wata na'ura da ya ƙirƙiro mai shafe faranta da yawa a lokaci guda. A 1880 ya fara sayar da busassun faranta. A farkon 1881 wani ɗan kasuwa mai ƙera bulalar doki, Henry Strong, ya zuba jari suka kafa kamfani, kuma kafin shekarar ta ƙare Eastman ya ajiye aikin banki.

Ba a daɗe ba jarrabawa ta zo. Farantan da ke hannun dillalai suka lalace, masu saye suka shiga ƙorafi. Eastman ya karɓe su duka ya musanya da wasu, abin da ya kusa cinye jarinsu. Shi da Strong suka tafi Ingila neman dalili, daga bisani aka gano cewa matsalar daga jelatin ɗin da ake kawo musu take. Sun yi asarar kuɗi, amma sunan kamfanin ya tsira. Daga nan ya gane cewa sana'ar da ta dogara da sinadarai ba ta yiwuwa da kame-kame, ya soma ɗaukar masana kimiyya aiki.

Daga gilashi zuwa fim

Gilashi yana da nauyi kuma yana fashewa. Tare da wani maƙerin kyamara, William Walker, Eastman ya fito da fim na takarda da ake naɗewa, da na'urar da ke riƙe shi. Ƙwararrun masu hoto ba su karɓe shi ba, domin hotonsa bai kai na gilashi kyau ba. Sai ya juya ga mutanen da ba su taɓa riƙe kyamara ba.

A 1888 ya fitar da kyamarar Kodak, suna ne da shi ya ƙirƙira, gajere mai sauƙin faɗa a kowane harshe. Ƙaramin akwati ne da ake riƙewa a hannu, farashinsa dala 25, da fim ɗin hoto 100 a ciki. Idan fim ya ƙare, mai kyamara zai aika ta Rochester da dala 10, a wanke masa hotuna, a sa sabon fim, a mayar masa. Wannan tsari ya raba ɗaukar hoto da wanke shi. Wanda bai san komai game da sinadari ba ya samu damar ajiye hoton iyalinsa.

A 1889 masanin sinadarai na kamfanin, Henry Reichenbach, ya samar da fim garai-garai mai lanƙwasuwa. Irinsa ne ɗakin binciken Thomas Edison ya yi amfani da shi wajen gwajin hoto mai motsi, wanda daga gare shi sinima ta samo tushe. A 1892 kamfanin ya koma Eastman Kodak. A 1900 aka fito da kyamarar Brownie kan dala ɗaya, fim ɗinta kuma santi 15, aka kuma tallata ta ga yara. Da ita mutane da yawa suka fara koyon hoto, ciki har da Ansel Adams, wanda ya shahara da hotunan duwatsu da dazuzzukan Amurka.

Tarihin nasa bai rasa tabo ba. Wani limamin coci, Hannibal Goodwin, ya riga ya nemi rajistar fim mai lanƙwasuwa tun 1887. Shari'a ta ɗauki shekaru, Goodwin ya mutu a 1900 bai ga ƙarshenta ba, sai a 1914 Kodak ya biya dala miliyan 5 ga kamfanin da ya mallaki haƙƙinsa. Haka kuma gwamnatin Amurka ta maka Kodak a kotu kan saye abokan hamayya da danne kasuwa, kotu ta same shi da laifi a 1915.

Dukiyar da ta koma makarantu

Eastman bai yi aure ba, ya zauna da mahaifiyarsa har ta rasu a 1907. A 1912 ya kafa ɗakin bincike na kamfanin, ya kuma fara raba wa ma'aikata wani kaso na riba. A 1919 ya ware wa ma'aikatan hannun jarin da darajarsa ta kai dala miliyan 10.

Kyautar da ya yi a rayuwarsa ta haura dala miliyan 100, kuma mafi yawanta ilimi ta tafi. Ya bai wa Cibiyar Fasaha ta Massachusetts kimanin dala miliyan 20 da sunan aro na Mista Smith, aka yi shekaru ana cacar baki kan ko wane ne. Ya gina makarantar kiɗa a Jami'ar Rochester, ya tallafa wa makarantun Tuskegee da Hampton na baƙaƙen fata, ya kafa asibitocin haƙori na yara a Rochester da Landan da Rum da Paris da Brussels da Stockholm. Mutumin da talauci ya fitar daga aji shi ya gina wa dubbai azuzuwa.

A ƙarshen rayuwarsa ciwon ƙashin baya ya hana shi sakat. Ranar 14 ga Maris ɗin 1932 ya kashe kansa a gidansa, yana da shekara 77. An mayar da gidan ɗakin tarihin hoto da fim, wanda aka buɗe a 1949.

Abin da magadansa suka kasa koya

A 1975 wani matashin injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko da ake iya ɗauka a hannu. Nauyinta kusan kilo uku da rabi ne, tana ɗaukar sakan 23 kafin ta naɗi hoto ɗaya marar launi a kaset. Shugabannin kamfanin sun ga abin, amma ribar fim ta yi musu daɗi, suka yi jan ƙafa. Wasu kamfanoni suka wuce gaba, daga baya wayar hannu ta haɗiye kasuwar. A Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Eastman ya bar gilashi ya koma fim a lokacin da gilashi ke ciyar da shi. Waɗanda suka gaje shi ba su yi wannan ƙarfin hali ba.

Duk da haka fim bai mutu ba. Makarantun fasaha da dama har yanzu suna fara shigar da ɗalibi ɗakin duhu, domin wanda hoto 36 kawai yake da shi a naɗi guda dole ya auna haske, ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna. Idan ya koma dijital, inda yake ganin sakamako nan take ya gyara, ƙa'idojin ba su canja ba: yawan hasken da ke shiga, da tsawon lokacin da ya shiga, da ƙarfin abin da ke karɓarsa. Su ne darussan da akawun Rochester ya fara biyan dala 5 a kansu a 1877.