Edgar Allan Poe

Edgar Allan Poe (19 ga Janairu, 1809 – 7 ga Oktoba, 1849) marubuci ne, mawaƙi, edita kuma mai sharhin adabi ɗan ƙasar Amurka. Ya yi suna wajen rubuta gajerun labaran ban tsoro, kuma ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya share fagen labaran binciken laifi na zamani.

Farkon rayuwa

An haifi Poe a birnin Boston. Iyayensa 'yan wasan kwaikwayo ne. Mahaifinsa ya gudu ya bar iyalin, mahaifiyarsa kuma ta rasu a shekarar 1811 a Richmond. Daga nan sai John Allan, wani ɗan kasuwar taba, da matarsa Frances suka ɗauki riƙonsa. Ya yi karatu a Ingila daga 1815 zuwa 1820, sannan ya shiga Jami'ar Virginia a 1826, inda bashin caca ya haɗa shi rigima da Allan har ya bar karatun. Ya shiga soja a 1827, shekarar da ya fitar da littafin waƙoƙinsa na farko. A 1831 aka sallame shi daga makarantar hafsoshi ta West Point, ya koma Baltimore wajen gwaggonsa Maria Clemm. A 1836 ya auri 'yarta Virginia, tana da shekara 13.

Rubutu da gyara

A 1833 labarinsa MS. Found in a Bottle ya ci gasar wata jaridar Baltimore, aka ba shi dala 50. Wannan ya buɗe masa ƙofar aikin mujallu a Richmond, Philadelphia da New York, sai dai bai taɓa rabuwa da talauci ba. A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta The Fall of the House of Usher a 1839, da The Murders in the Rue Morgue a 1841, da The Tell-Tale Heart da The Black Cat a 1843.

Poe ya bayyana ra'ayinsa kan gajeren labari a sharhin da ya yi wa littafin Nathaniel Hawthorne a 1842. A ganinsa, ya kamata a iya karanta labari a zama ɗaya, kuma marubuci ya fara yanke abin da yake son mai karatu ya ji a ransa, sannan kowace jimla ta yi wa wannan manufa aiki. Abin da bai taimaka ba, a cire shi.

Shi ya sa da wuya ya bar labari yadda ya fara fita. Duk lokacin da za a sake bugawa, sai ya koma masa da alƙalami. Misali mafi bayyana shi ne The Oval Portrait, labarin mai zanen da ya shagala da zana hoton matarsa har ta mutu a gabansa bai lura ba. A 1842 ya fito da sunan Life in Death, da doguwar gabatarwa inda mai ba da labarin ya ji rauni ya sha ofiyom. A bugun 1845 Poe ya yanke wannan ɓangare. Da gabatarwar, mai karatu na iya cewa maye ne kawai ya sa mutumin ganin abin da ya gani. Da aka cire ta, wannan mafita ta toshe, tsoron ya zauna daram.

Wani lokacin ƙari yake yi. Ligeia ya fito a 1838, amma sai a 1845 ya saka wata waƙarsa a ciki, ya nuna cewa matar ce ta rubuta ta tana gab da mutuwa. Berenice kuwa, na 1835, masu karatu sun koka da munin abin da ke cikinsa, kuma daga baya aka fitar da shi babu sakin layi huɗu da ke nuna alamun matar tana da rai kafin a binne ta. Da yawa daga cikin waɗannan gyare-gyare sun fito ne a Broadway Journal, mujallar da ya mallaka a ƙarshen 1845, ta durƙushe a farkon 1846. Saboda haka labari guda na iya bambanta daga wannan littafi zuwa wancan, kuma ɗalibin da zai yi nazari yana bukatar duba bugun da ke hannunsa.

Waƙarsa The Raven, ta Janairun 1845, ta sa sunansa ya karaɗe Amurka, amma kuɗin da ta kawo masa kaɗan ne.

Mutuwa da abin da ya biyo baya

Virginia ta rasu da tarin fuka a Janairun 1847. A ranar 3 ga Oktoba, 1849, aka tsinci Poe a Baltimore ba ya cikin hayyacinsa. Ya rasu a asibiti bayan kwana huɗu, yana da shekara 40.

Rufus Griswold, wani edita da ke da tsohuwar gaba da shi, shi ne ya karɓi ragamar buga ayyukansa. Ya rubuta tarihin da ya nuna Poe a matsayin lalataccen mashayi, har da wasiƙun da ya sauya wa kalmomi. Wannan hoto ya daɗe a zukatan mutane kafin masu bincike su bankaɗo jabun. A Faransa kuwa, mawaƙi Charles Baudelaire ya fassara labaransa, kundin farko ya fito a 1856, kuma ta nan ne Turai ta san shi sosai. Ƙungiyar marubutan labaran binciken laifi ta Amurka tana ba da kyautar Edgar duk shekara da sunansa.